Rashin barci ne ya jawo mini damuwa, ko damuwa ce ta hana ni barci?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni tela ne a nan cikin garin Sakkwato, ina da mata da yara. Tun azumin da ya wuce, da muka yi ta kwana a shago saboda ɗinkin sallah, barcina bai koma daidai ba. In na kwanta sai in yi ta juyi har ƙarfe biyu, wata rana kuma in farka ƙarfe uku, shi ke nan har asuba. Wata shida ke nan. Yanzu ko keken ba na son gani, kayan mutane sun taru, abinci ba ya yi mini daɗi, hira da yara ma ta zame mini aiki. Mai kemis yana ba ni wata ƙwaya, da farko ta yi aiki, yanzu sai na sha biyu. Yayana ya ce tunani ne na sa wa raina, in ƙara addu'a zai wuce. Rashin barcin ne ya jefa ni wannan hali, ko damuwa ce ta hana ni barci? Wanne zan fara magancewa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, sannu da fama, Allah ya kawo sauƙi.

Kowanne daga cikinsu yana iya haifar da ɗayan. Yadda ka jero labarinka kuwa, rashin barcin ne ya riga, damuwar ta biyo baya, yanzu kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Game da wanda za a fara magancewa, tare ake kama su. Nan ne ake yawan samun tangarɗa, har a asibiti: a ba mutum maganin damuwa a ce barci zai dawo da kansa, ko a miƙa masa ƙwayar barci a sallame shi ba a tambayi halin da zuciyarsa take ciki ba. Ba a yanke hukuncin ciwo ta saƙo, sai an zauna da kai ido da ido. Amma abin da ka lissafa ya isa in ce ka je a duba ka cikin makon nan, kada ka ɗaga.

An daɗe ana ɗaukar rashin barci a matsayin alama kawai, kuma da dalili, tunda kusan uku cikin huɗu na masu ciwon damuwa suna kuka da barcinsu. Abin ya fara sauyawa ne da aka riƙa bin mutane tsawon lokaci don a ga wanne ke riga wanne. A 1989 wasu masana biyu a Amurka, Ford da Kamerow, suka fitar da sakamakon tambayoyin da aka yi wa mutum kusan 8,000, aka sake komawa gare su bayan shekara guda. Waɗanda aka tarar ba sa barci a zuwan farko, aka sake tarar da su haka a na biyu, su ne suka fi kowa faɗawa cikin sabon ciwon damuwa, da tazara mai nisa. Waɗanda barcinsu ya daidaita a tsakani kuwa, haɗarinsu ya sauka ƙasa sosai.

Akwai wani binciken da na fi yawan kawo wa ɗalibai, saboda tsawonsa. A jami'ar Johns Hopkins an bi samari 1,053 masu karatun likita, aka ci gaba da bibiyar lafiyarsu na kimanin shekara 34, aka buga sakamakon a 1997. Waɗanda suka yi fama da rashin barci tun suna makaranta, haɗarin kamuwarsu da ciwon damuwa ya ninka na sauran, kuma bambancin bai ɓace ba har bayan shekaru masu yawa. A 2011 aka tattara bincike 21 irin waɗannan wuri guda, abin da ya fito bai sauya ba: mai rashin barci, ko da lafiyar zuciyarsa ƙalau a yau, haɗarinsa ya kai ninki biyu. Wannan na cikin abin da ya sa a 2013 kundin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi ya daina raba rashin barci gida biyu, wai na asali da wanda wani ciwo ya kawo. In mutum ya kai dare uku a mako yana fama, har wata uku, abin kuma yana taɓa aikinsa da rana, to ciwo ne mai zaman kansa da ke buƙatar nasa magani, ko da akwai damuwa a gefe. Kai ka wuce wannan ma'auni tuni.

Me ke haɗa su a jiki? Barcin dare zagaye-zagaye ne, kowane zagaye kamar minti 90. Farkon dare barci mai nauyi ya fi yawa, wanda jiki ke hutawa a cikinsa, ƙarshen dare kuma barcin mafarki. Idan aka sa wa mai ciwon damuwa na'ura aka auna, sai a ga barci mai nauyin ya ragu, na mafarkin ya yi saurin shigowa tun farkon dare, ga farkawa a kai a kai. Shi ya sa za ka ji majiyyaci yana cewa, "Likita, na kwanta dai, amma na tashi kamar an yi mini duka." Sannan akwai sinadarin kotizol, wanda jiki ke fitarwa don ya tsaya cikin shiri. A ƙa'ida yana yin ƙasa da tsakar dare, ya fara hawa gab da asuba don ya tashe ka. A jikin da yawa daga masu daɗaɗɗen rashin barci, da masu damuwa mai tsanani, ba ya sauka yadda ya kamata da dare. Gajiya ta cika jiki amma ƙwaƙwalwa tana tsaye, kunne a buɗe, janareton maƙwabta da babur ɗin da ya wuce a bakin titi duk kana ji.

Ɓangaren da ya fi shafar tambayarka shi ne abin da rashin barci ke yi wa zuciya. A 2007 an hana wasu matasa masu lafiya barci na kusan awa 35, aka nuna musu hotuna masu tayar da hankali ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Sashen da ke kula da tsoro da ɓacin rai, wanda ake kira amigdala, ya zabura fiye da na waɗanda suka yi barci da kashi 60 cikin ɗari, kuma alaƙarsa da sashen goshi, mai tausasa shi ya sa a yi tunani kafin a yanke hukunci, ta yi rauni. Dare ɗaya ke nan, a jikin masu lafiya. To ka auna wata shida. Maganar da da can za ka yi dariya ka wuce, yanzu sai ta tsaya maka a rai yini guda.

Ga kuma abin da ke faruwa da ƙarfe uku na dare, wanda ka fi ni sani. Gida ya yi tsit, maiɗaki da yara suna ta barci, kai kaɗai ido biyu. Ka lalubo waya ka duba lokaci, ka fara lissafi: in barci ya ɗauke ni yanzu zan samu awa biyu. Sai shaddar da mai ita ya zo nema sau uku ta faɗo maka, daga nan kuɗin makaranta, daga nan bashin mai zare, daga nan wata magana da wani ya faɗa maka shekara biyar da suka wuce. Babu wanda za ka yi shawara da shi, babu abin da za ka iya aiwatarwa a wannan lokaci, tunanin sai ya yi ta zagaye wuri ɗaya. Kafin ladan ya kira sallah ka riga ka yanke wa kanka hukuncin cewa kai ba ka da amfani. Gari ya waye ba ƙarfi, aikin ya ƙara taruwa, ka guje wa majalisa don kada a tambaye ka, dare ya sake yi da sabon abin tunani. An ce dare mahutar bawa, amma mai wannan hali tun la'asar yake fargabar zuwansa. Yawancin masu ciwon damuwar da na gani wanda ya faro daga barci, ta wannan hanya ya shigo.

Wani abin mamaki da likitoci a Jamus suka rubuta tun 1971: idan aka hana mai damuwa mai tsanani barci dare guda cur a asibiti, kusan rabinsu sukan wayi gari da sauƙi a zuciya, sai dai da zarar sun yi barci yawancinsu su koma gidan jiya. Na kawo shi ne don ka ga yadda agogon barci da yanayin rai suke a ɗaure da juna. Ba abin gwadawa a gida ba ne.

Za ka ce sallah ta wuce, ɗinkin dare ya ƙare, me ya hana barcin dawowa? Abin da ya tayar da rashin barci daban, abin da ke riƙe da shi daban. Naka ya tashi ne da kwanan shago, da shayi da goro don a kori gyangyaɗi, ga sahur, ga zafin bazarar Sakkwato da ke haura digiri 40, ɗaki ya riƙe zafi har tsakar dare. Mutane da yawa sukan shiga irin wannan su fita cikin mako biyu ko uku. Wanda abin ya zauna masa, galibi dabarun da ya ɗauka don ya rama barcin ne suka zaunar da shi: ya kwanta da wuri tun bayan isha'i ko da bai ji barci ba, ya koma bayan asuba har hantsi, ya miƙe a benci bayan azahar, ya daɗe a shimfiɗa yana ƙoƙarin tilasta wa kansa. Duk suna da ma'ana a ido, amma suna rage yunwar barcin da ya kamata ta taru kafin dare. Mafi muni, ƙwaƙwalwa tana koyon cewa shimfiɗa wurin juyi da tunani ne. Na tabbata ka taɓa gyangyaɗi a kan keke ko a masallaci ana jiran sallah, amma kana sa kai a matashi ido ya bushe. Bahaushe ya ce barci ɓarawo ne, ɓarawo kuwa ba ya shiga gidan da aka zauna gadinsa.

Yanzu ta yaya ake gane cewa abin ya wuce gajiya ya zama ciwon damuwa? Tambayar da nake yi wa majiyyaci ita ce: abin da kake so da can, har yanzu kana sonsa ƙarfi ne babu, ko son ne ya fita? Mai rashin barci zalla yana son zuwa kallon ƙwallo, jiki ne ya ƙi. Mai ciwon damuwa ko an kawo masa har gida ba ya jin komai. Maganarka cewa hira da yaranka ta zame maka aiki ita ta fi tsaya mini a duk saƙon. Ma'aunin likitoci shi ne mako biyu ko fiye, kusan kullum, mutum yana cikin ƙuncin rai ko ya daina jin daɗin komai, tare da wasu daga cikin waɗannan: cin abinci ya ragu ko rama, kasala, rashin tattara hankali har a yanka yadi ba daidai ba, ganin laifin kai, yanke ƙauna, tunanin mutuwa. Farkawa awa biyu kafin lokacin da aka saba a kasa komawa, da jin safiya ta fi kowane lokaci nauyi sai yamma a ɗan sami sauƙi, su ma sun fi karkata ga ciwon damuwa.

A nan wajenmu kaɗan ne ke zuwa asibiti su ce raina a ɓace yake. Abin da ake cewa shi ne kai yana zafi, wani abu yana yawo a jiki, zuciya tana bugawa, jiki ba ƙarfi. Sai a yi ta shan maganin maleriya da na taifot, a ƙara ruwa, a sake, wata da watanni, ba wanda ya tambayi yaya dare yake wucewa. Duk da haka gwajin jiki yana da muhallinsa, domin akwai abubuwan da ke sojan gona. Mai munshari da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, maiɗakinsa ce za ta ba da labari. Akwai ciwon suga ko matsalar mafitsara da ke tashin mutum fitsari sau da yawa, da ƙaiƙayin ƙafafu da dare wanda ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini ke kawowa, da matsalar tayirod (wata halitta ce a gaban wuya), da ƙwayoyi irin su dexamethasone da wasu ke sha don ƙiba. Waɗanda suka tsere wa harin 'yan bindiga daga wajajen Sabon Birni ko Isa kuma nasu daban ne, mugun mafarki da firgita ke hana su runtsawa, maganinsu ma daban. Mai jego da ta kasa barci ko da jariri ya yi barci, ita ma a kai ta a duba.

Sai maganar ƙwaya. Waɗanda aka saba miƙawa a kemis don barci su ne diazepam da Lexotan da danginsu, wani lokaci Piriton. Dangin diazepam an yi su ne don ɗan lokaci, mako biyu zuwa huɗu. Bayan haka jiki yana sabawa, ɗaya ta daina isa sai biyu, daidai abin da ka faɗa. Suna sa mutum ya fita hayyacinsa da dare, amma suna rage barci mai nauyi, su bar shi da mayen safe da mantuwa, kuma ba sa taɓa ciwon damuwa ko kaɗan. Kada ka ƙara yawanta. Kada kuma ka yanke ta dare ɗaya bayan ka yi watanni kana sha, domin rashin barcin zai dawo fiye da da, da karkarwa da faɗuwar gaba, wani har jijjiga yake yi. Likita ne zai rage maka a hankali cikin makonni. Haɗa ta da tramadol ko kodin kuwa yana iya tsayar da numfashi cikin barci. Ka ɗauki fakitin ka tafi da shi asibiti a ga ko mece ce.

Maganin da ke kan gaba ga daɗaɗɗen rashin barci horo ne na gyara ɗabi'u da tunanin da ke kewaye da barci, likitoci suna taƙaita sunansa da CBT-I. Tun 2016 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ce da shi za a fara kafin a kai ga ƙwaya. Amfaninsa kuma bai tsaya ga barci ba. A wani gwaji da aka yi a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, aka buga a 2022, an ɗauki dattawa 291 'yan shekara 60 zuwa sama masu rashin barci, aka yi wa rabi wannan horo na wata biyu, rabi aka ba su darasin barci kawai. Cikin shekara uku, kashi 12 cikin ɗari na rukunin farko ne suka kamu da ciwon damuwa, a rukuni na biyu kuwa kusan kashi 26.

Ga yadda ake yinsa, gwargwadon abin da za ka iya farawa. Ka tsayar da lokacin tashi guda ɗaya, kullum, ko ka yi barci ko ba ka yi ba. Mu nan asuba ta sauƙaƙa mana wannan. Abin da ke da wuya shi ne kada ka koma bayan sallah. Ka fita ka sha hasken safiya, ko tafiya ce zuwa shago a ƙafa, domin hasken nan shi ke saita agogon jiki, yana kuma taimakon zuciya. Sannan ka samu takarda ka riƙa rubutawa kowace safiya har mako biyu: ƙarfe nawa na kwanta, kamar awa nawa na yi barci, sau nawa na farka. Kintace ya isa, kada ka zauna kallon agogo. A ce ka gano kana kwanciya tara da rabi ka tashi biyar da rabi, awa takwas a shimfiɗa, amma barcin awa biyar da rabi ne. To sai ka mayar da kwanciyarka sha biyun dare. Na san zai yi maka banbaraƙwai a ce mai neman barci ya rage kwanciya, kuma makon farko za ka ji jiki. Amma yunwar barcin za ta taru, ya fara zuwa da sauri, ya daina yankewa. Idan ka ga mako ya cika kana barci kusan duk lokacin da kake kwance, sai ka matso da kwanciyar baya da minti 15 ko 20, haka har ka kai abin da ya ishe ka. Ba a sauka ƙasa da awa biyar. Mai farfaɗiya, da direba, da wanda ya taɓa shiga ciwo mai hawa da sauka da zan faɗa nan gaba, kada su yi wannan sai da likita. Kai ma ka yi hattara da babur da almakashi a kwanakin farko.

In ka kwanta ka ji an ɗauki lokaci, kamar minti ashirin, barci bai zo ba, tashi. In ɗaki ɗaya ne da iyali, ka fito tsakar gida ko zaure ka zauna a tabarma cikin duhu-duhu, ka ja carbi ko ka saurari karatu a hankali, ban da waya. Sai ido ya yi nauyi ka koma. In ya sake ƙi, ka sake fitowa. Lissafin bashi da na kayan mutane kuma ka ba shi lokacinsa tun da yamma: bayan la'asar ka zauna da biro ka rubuta abin da ke damunka da matakin da za ka ɗauka gobe a kan kowanne, ko da kiran mai shadda ne ka ba shi haƙuri ka sa masa rana ta gaskiya. In ya taso da dare, ka san an riga an rubuta.

Shayi da goro da Nescafé da lemon gwangwani na ƙarin kuzari duk suna ɗauke da kafeyin, wanda rabinsa yana nan a jini bayan kamar awa biyar. Wanda ya zauna aka zagaya da ataya bayan isha'i, da shi zai kwana. Ka tsayar da su daga azahar. Sigari da shisha ma suna farkar da ƙwaƙwalwa. Ƙailula in ta zama dole kada ta wuce minti 20 zuwa 30, kuma kafin la'asar, in za ka iya barinta na 'yan makonni ya fi. Lokacin zafi ka watsa ruwa kafin ka kwanta, ka fito waje cikin gidan sauro, domin sai zafin jiki ya ɗan sauka barci ke shiga.

Idan likita ya tabbatar da ciwon damuwa mai ƙarfi, zai iya ɗora ka a kan magani, kuma yana da kyau ka san halinsa tun yanzu. Ba ya aiki rana ɗaya, sai mako biyu zuwa huɗu ake fara ganin sauyi, wani ya fi haka. Wasu, irin fluoxetine, sukan ɗan dagula barci da farko, shi ya sa ake shansu da safe. Wasu, irin amitriptyline da mirtazapine, suna kawo barci, da dare ake shansu. Amitriptyline yana da araha, amma yana da haɗari ƙwarai in aka sha fiye da ƙima, don haka a ɓoye shi daga yara, kuma ba a sayensa da ka. Bayan ka ji sauƙi za ka ci gaba da sha aƙalla wata shida, domin yankewa da wuri na cikin manyan dalilan dawowar ciwon. In zuciya ta warware amma barci bai gyaru ba, ka gaya wa likita aiki bai ƙare ba. Rashin barci yana cikin alamun da suka fi saura bayan an sami sauƙi, kuma wanda ya saura da shi ya fi saurin komawa ciki. Haka nan idan ciwon ya tashi dawowa, sau da yawa barci ne ke fara lalacewa kafin komai.

Yayanka ƙauna ce ta sa ya faɗi abin da ya faɗa, kuma addu'a ba abin bari ba ce. Sai dai cewa kai ka sa wa ranka tunani yana ƙara wa mai wannan ciwo nauyi, tunda dama ganin laifin kansa yake yi. Na ga limamai da mahaddata da wannan ciwo, ibadarsu ba ta ragu ba sai da ciwon ya ci ƙarfinsu. Yadda mai hawan jini ke addu'a yana shan maganinsa, haka nan. Shawarata ka nemi ya raka ka asibiti. In ya ji bayani daga bakin likita, shi zai zama mai tsaya maka a gida.

Abubuwa biyu ba sa jiran mako. Na farko, in tunanin cewa gara mutuwa ya fara zuwa maka, ko na cutar da kanka. Rashin barci shi kaɗai yana ƙara wannan haɗari, kuma tsakar dare ne lokacin da ya fi tsanani. Ka faɗa wa maiɗakinka ko Yaya a ranar, a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga gidan, a kai ka asibiti ba tare da jiran gobe ba. Iyali kuma su sani tambayar mutum kai tsaye ko yana irin wannan tunani ba ta sa masa shi a rai, sauƙi ma take kawo masa. Na biyu, in ka taɓa yin kwanaki kana barcin awa biyu ko uku amma ba gajiya, ga ƙarfi, ga yawan magana, ga kashe kuɗi ba lissafi, ga manyan tsare-tsare. Wannan ciwo ne daban mai hawa da sauka, kuma maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar da shi, don haka dole likita ya ji wannan tarihi kafin ya rubuta komai.

Wurin zuwa bai yi maka nisa ba. Akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Kware. Na san yadda sunan Kware yake a bakin mutane, amma da yawa daga masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita, su karɓi magani, su koma bakin sana'arsu a ranar. In ka fi son farawa da asibitin da ke kusa da kai, babu laifi, sai dai ka faɗi duka biyun, barcin da halin zuciyar, kada ka tsaya a ciwon kai. Ka riƙe takardar barcinka ko da ta kwana uku ce, da fakitin ƙwayar, in da hali maiɗakinka ta biyo ku, domin ita ta san ko kana munshari da sau nawa kake tashi.